Hatimin hukuma da ƙofar fita: rufaffun asusai na tsibirin Garneze

Masu karatu, a wannan mako filin namu zai ƙetare ruwa. A cikin tekun da ya raba Faransa da Ingila akwai wani ɗan tsibiri da ake ce ma Garneze, nisan kamar kilomita 50 daga gaɓar Normandi. Jama'arsa ba ta wuce dubu 65 ba, wato komin guda ta birnin Yamai ta fi shi yawan mutane. Waɗanda suka yi lakkol sun san sunan ta hanyar Victor Hugo, wanda ya yi zaman gudun hijira can daga 1855 zuwa 1870. Tsibirin yana ƙarƙashin rawanin sarkin Ingila, amma ba ya cikin Birtaniya, ba ya cikin Tarayyar Turai. Majalisarsa daban, kotunsa daban, harajinsa daban. A ƙarshen shekarar 2021, dukiyar asusan zuba jari da ake riƙon littattafansu a wannan ɗan wuri ta haura fam miliyar 300, kuma mafi yawanta tana cikin irin asusun da ake kira rufaffe. Da yawa daga cikin waɗannan asusai ana cinikin takardunsu a kasuwar hannun jari ta Landan. Tambayarmu ita ce: idan aka ce hukuma ta yi ma asusu rajista, kasuwa kuma ta karɓe shi cikin jerinta, me aka lamunce ma mai kuɗi, me kuma aka bar masa a wuyansa?

Mu fara da bambanta asusun. Buɗaɗɗen asusu yana da ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Ka kawo kuɗi a rubuta maka kaso. Ran da ka so kuɗinka, asusun da kansa zai biya ka gwargwadon ƙimar dukiyarsa ta wannan rana, ko da kuwa sai ya sayar da wani abu. Rufaffen asusu ba haka yake ba. Sau ɗaya yake tara jari, ya raba takardun hannun jari, ya rufe ƙofa. Daga nan ba ya mayar ma kowa kuɗinsa. Ɗan kasuwa ya san irin wannan: mutum goma suka haɗa kuɗi suka sayi tirela, sai ɗayansu ya matsu. Ba za a kwance taya guda a ba shi ba, ba kuma za a sayar da motar dominsa ba. Shi ne zai nemi wanda zai sayi kasonsa, a kan abin da mai sayen ya taya. Kasuwar hannun jari ita ce rumfar da ake wannan tayi.

Daga nan ne farashi biyu ke fitowa. Akwai ƙimar da littafi ya nuna, wato dukiyar asusu a cire bashi a raba bisa yawan takardu. Akwai kuma farashin da ake biya a kasuwa. Ba dole ba ne su yi daidai. Littafi yana iya cewa takardarka ta kai fam guda, kasuwa ta ce ba ta sayenta sai a kashi 70 bisa 100 na wannan. Asusun Pershing Square Holdings, na attajirin Amurka Bill Ackman, wanda aka kafa a Garneze aka kai kasuwar Amstadam a 2014 da ta Landan a 2017, ya shafe shekaru ana cinikinsa da gibin da ya haura kashi 20 bisa 100, alhali yawancin abin da ya mallaka hannayen jarin manyan kamfanoni ne da kowa ke ganin farashinsu kullum. Babu dokar da ta hana wannan gibi, babu hukumar da ke cike shi.

To me ya sa ake son rufaffen? Domin akwai kadarar da ba a sayarwa cikin kwana guda: gidaje, jiragen ruwa, tashoshin wutar rana, bashin da aka ba ƙananan kamfanoni, kamfanin da bai shiga kasuwa ba. Asusun da kowa ke iya zare kuɗinsa da safe bai dace da irin wannan kaya ba. Dabarar tsohuwa ce, tun 1868 aka kafa asusun Foreign & Colonial a Landan, yana nan har yau. Dalilin zaɓen tsibiri kuwa ba ɓoyayye ba ne: haraji. Asusu yana iya biyan ɗan kuɗi ƙayyadadde a shekara a keɓe shi daga harajin riba, sai kowane mai hannun jari ya ji da harajin ƙasarsa. Masu kare tsarin suna cewa hana biya sau biyu ne. Masu suka suna cewa ba kowa ke kai kansa ofishin haraji ba idan ya koma gida. Duka biyun suna da gaskiyarsu, amma ba ita ce maganarmu ta yau ba.

Hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta Garneze, da dokar kare masu zuba jari, duka a 1987 aka kafa tushensu. Abin mamaki, sama da shekara ashirin rufaffun asusai ba su cikin wannan doka sosai. Da wata tsohuwar dokar ƙayyade cin bashi da tara jari ake ba su izini. Sai a 2008 aka shigar da su, aka yi masu ƙa'idodinsu. An sake rubuta dokar a 2020, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2021. Hanya biyu ce babba. Ta farko, asusu mai izini: hukuma da kanta take duba masu kafa shi da takardunsu, abin ya ɗauki makonni. Ta biyu, asusu mai rajista: nan hukuma ba ta zama ta tantance takardar bayani shafi shafi. Akwai wani kamfani mai lasisi da ke zaune a tsibirin, mai riƙon littattafan asusu, wanda doka ta wajabta ma kowane asusu ya ɗauka. Shi ne zai binciki masu kafa asusun, ya sa hannu ya ce ya bincika ya gamsu. Bisa wannan shaida tasa hukuma ke yin rajista cikin kwana uku na aiki.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Tsarin yana da hikima, ba za mu ƙi faɗa ba. Hukumar ƙaramin tsibiri ba ta da ma'aikatan da za su bi jirgin ruwa a Girka ko gini a Jamus su ga ko da gaske yana nan. Abin da take iya kamawa shi ne mutumin da ofishinsa ke bayan nata, lasisinsa kuma yana hannunta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka sa hannu a kan ƙarya, lasisinka ne zai tafi. Sai dai kuma wa ke biyan mai riƙon littattafan? Asusun ne. Wa ya kawo masa aikin tun farko? Mai juya kuɗin ne, wanda shi ake so a tsare. Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin dillali guda yana ci ta wajen mai saye da mai sayarwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin da doka ta nema daga rufaffen asusu kaɗan ne idan aka gwada da buɗaɗɗe. A buga takardar bayani da ke faɗin abin da za a saya, da iyakar bashin da za a ci, da kuɗin aikin da za a cire, da haɗarin da ke ciki. A rarraba jari, kada a zuba shi wuri guda. A kawo lissafin shekara wanda mai bincike na waje ya duba. A sanar da hukuma idan an canja mai juya kuɗi ko darektoci. Amma hukuma ba ta yanka ma asusu yawan bashin da zai ci ba; shi zai rubuta iyakarsa da hannunsa. Kuma a cikin kowace takardar bayani akwai wasu layuka da ake bugawa a shafukan farko, waɗanda ido ke tsallakewa: hukuma ba ta ɗauki alhakin lafiyar kuɗin asusun ba, ba ta kuma lamunci gaskiyar abin da aka rubuta ba. Ƙa'idar biyan diyya ta 1988 da tsibirin ke da ita, wani rukuni na buɗaɗɗun asusai kaɗai ta shafa. Mai hannun jari a rufaffe ba ya cikinta. Wannan lafazi ba baƙo ba ne a wajenmu. Wanda ya taɓa karɓar takardar bayanin wani bashi ko hannun jari da ake sayarwa ta kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta buɗe a 1998, zai ga irinsa: bizar hukumar kasuwannin kuɗi ta yankinmu ba yarda ba ce da cewa cinikin yana da riba.

Asusun da ya tafi babbar kasuwar Landan yana ƙara ɗaukar wani nauyi, kuma a ganinmu wannan ya fi na gida ƙarfi. Dokar shiga jerin ta ce yawancin darektoci su zama masu cin gashin kansu daga mai juya kuɗi. Manufar zuba jari da aka buga ba a yi mata babban canji sai masu hannun jari sun kaɗa ƙuri'a. Ba a fitar da sababbin takardu a ƙasa da ƙimar littafi sai da yardarsu, domin yin haka rage rabon na farko ne. Labarin da zai motsa farashi dole a sanar da kowa lokaci guda. Sai dai ba kowace kasuwa ce Landan ba, kuma kalmar "yana cikin jeri" ɗaya ce a bakin dillali ko wace kasuwa yake nufi.

Misalin bashi ya zo da wuri. Kamfanin Carlyle Capital Corporation, ɗan Garneze, ya shiga kasuwar Amstadam a watan Yuli na 2007. Jarinsa bai kai dalar Amurka miliyar 1 ba, amma ya sayi takardun bashin gidaje na Amurka na sama da miliyar 20, sauran duk da rance mai gajeren wa'adi. Da bankuna suka firgita suka nemi ƙarin jingina, sai ya rushe a watan Maris na 2008, wata takwas bayan shigarsa kasuwa. Masu raba gadonsa suka kai darektoci ƙara. An yi wata shida ana shari'a, kuma a watan Satumba na 2017 kotun Garneze ta wanke su cikin hukunci mai shafi sama da 500. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2019. Ma'anar hukuncin a taƙaice: an gaya maku za a ci bashi ninkin ba ninkin, kun karanta ko ba ku karanta ba, kuma shawarar da ta zama asara ba laifi ba ce muddin an yanke ta da gaskiya da lura.

Wanda ya fi koyarwa shi ne na Arch Cru, domin a nan ne aka ga yadda ake aron sunan kasuwa. Tsibiran suna da tasu kasuwar hannun jari, wadda aka kafa a Garneze a 1998. A Birtaniya kuwa doka ta ƙayyade ma buɗaɗɗen asusun da ake sayar ma talakawa yawan kadarar da zai riƙe wadda ba ta cikin jerin wata kasuwa da aka sani. Dalilin a fili yake: asusun da ya yi alkawarin biya a kowace rana dole kayansa su zama masu saurin sayarwa. Sai aka yi dabara. Aka kafa rufaffun asusai sama da ashirin a Garneze, aka shigar da su jerin kasuwar tsibirin. Su ne suka sayi kayan masu wuyar sayarwa, har da rancen da aka zuba cikin tsofaffin jiragen ruwa na wani ɗan kasuwar Girka da gidajen kwanan ɗalibai a Ingila. Sa'an nan buɗaɗɗun asusai na Birtaniya suka sayi takardun waɗannan rufaffun. A kan takarda, komai yana cikin jeri. Kamfani guda, Arch Financial Products, shi ke juya kuɗin sama da na ƙasa.

An tallata ma mutane abin a matsayin jari na taka-tsantsan, irin wanda ya dace da mai shirin ritaya. Wajen mutum dubu 20 suka shiga. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne: suna yana kan allo, farashi yana kan allo, masu saye na gaskiya kuwa ba su taka kara sun karya ba, domin kusan duk takardun suna hannun asusan saman. Farashin da ba a gwada da ciniki ba, shi aka dinga ɗauka ana ƙididdige dukiyar mutane da shi, har ana biyan masu fita da kuɗin masu shiga bisa wannan ƙima. A ranar 13 ga Maris 2009 aka dakatar da biya. Kuɗin da ya maƙale ya haura fam miliyan 350, abin da ya zarce miliyar 200 na sefa nesa ba kusa ba. Da aka sake auna kayan, aka tarar ƙimarsu ta yi ƙasa ƙwarai da abin da littafi ke faɗa.

Sai a duba wa ya biya me. A 2011 kamfanoni uku na ɓangaren Birtaniya, Capita da BNY Mellon da HSBC, suka amince da biyan fam miliyan 54. Hukumar Birtaniya ta tsawata ma Capita a bainar jama'a a 2012, ta kuma haramta ma shugaban Arch aikin kuɗi. A Garneze, tsohuwar kasuwar ta amsa cewa ta yi babban sakaci, aka ci ta tarar fam dubu 190 a 2014. Mai riƙon littattafan rufaffun asusan, Bordeaux Services, aka ci shi fam dubu 150 a 2015, aka hana darektocinsa uku riƙon irin wannan muƙami na shekara biyar. Mai karatu ya ɗora dubu 190 kusa da miliyan 350 ya gani. Ba sassauci ne kaɗai ya jawo haka ba: a lokacin, iyakar tarar da doka ta ba hukumar dama fam dubu 200 ce. Sai a 2017 aka ɗaga ta zuwa miliyan 4 ga kamfani. Ihu bayan hari ne, amma gara da aka yi shi. Kasuwar ma an rushe ta an sake gini a ƙarshen 2013, ta canja suna zuwa TISE a 2017, wani kamfanin Amurka ya saye ta a 2025.

Wani zai ce an ɗauki darasi. Shekara goma bayan Arch Cru, shahararren mai juya kuɗin Ingila Neil Woodford ya ga asusunsa na neman ƙetare iyakar kashi 10 bisa 100 na kayan da ba su cikin jeri, sai aka shigar da hannayen jarin wasu kamfanoninsa a kasuwar Garneze. Sun sami suna, ba su sami masu saye ba. A watan Yuni na 2019 aka rufe ƙofar asusun da fam miliyar 3 da ɗoriya a ciki. Nan ba rufaffen asusu ba ne, amma kanwar ja ce: doka ta ce "jeri" tana nufin kasuwa mai ciniki, masu dabara suka kawo mata jeri maras ciniki. A lura kuma, a duka biyun cutar ta fi cin wanda aka yi ma alkawarin buɗaɗɗiyar ƙofa. Wanda ya sayi rufaffe da saninsa, aƙalla ba a yi masa wannan ƙaryar ba.

To idan hukuma ba ta lamunci riba ba, kasuwa ba ta lamunci mai saye ba, ina makamin mai hannun jari? Yana cikin dokokin asusun kansa, a shafukan da ke bayan hotuna. Wa ke auna kadara, sau nawa, wa ke biyansa? Kuɗin aikin mai juyawa bisa ƙimar littafi ake lissafa shi ko bisa farashin kasuwa? In bisa littafi ne, kumburin littafi riba ce gare shi. Wata nawa ake ba shi kafin a sallame shi, nawa za a biya shi in an sallama? Sa'an nan uwa uba, akwai ƙuri'ar ci gaba ko babu? Wannan wani sharaɗi ne da asusai da yawa ke rubutawa, cewa bayan shekaru kaza za a tambayi masu hannun jari: mu ci gaba, ko mu sayar mu raba? Dokar Garneze ba ta tilasta shi ba. Al'adar kasuwa ce da matsin manyan masu jari suka kawo shi.

Amfaninsa ya bayyana a asusun Hipgnosis Songs Fund, wanda jarinsa waƙoƙi ne. Merck Mercuriadis ya kafa shi a Garneze, ya kai shi Landan a watan Yuli na 2018 ya tara fam miliyan 200 a kan fam guda kowace takarda, daga baya ya ƙara tara har ya haura miliyar 1. Da kuɗin ya sayi haƙƙin dubban waƙoƙi na mawaƙa irin su Shakira da Neil Young, domin duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko intanet asusu ya sami ɗan abu. Da kuɗin ruwa ya tashi a duniya daga 2022, kasuwa ta daina gaskata ƙimar littafi, gibi ya buɗe. Darektoci suka kawo shawarar sayar da wani ɓangare na waƙoƙin ga wani asusu da shi wannan mai juyawar ke kula da shi tare da kamfanin Blackstone, a ƙasa da ƙimar littafi. Ana cikin haka aka soke rabon ribar da aka riga aka sanar. A taron 26 ga Oktoba 2023, sama da kashi 80 bisa 100 na ƙuri'un da aka kaɗa suka ƙi ci gaban asusun a yadda yake, suka ƙi cinikin, aka kuma sauke shugaban darektoci.

Sababbin darektoci suka ɗauko wani mai awo daban. A watan Maris na 2024 ya rage ƙimar waƙoƙin da wajen kashi ɗaya bisa huɗu, takarda ta faɗi ƙasa da kashi biyu bisa uku na farashinta na farko. Waɗanda suka matsu suka sayar a nan, ba wanda zai mayar masu. Waɗanda suka iya jira suka ga masu saye biyu, Concord da Blackstone, suna ƙara ma juna tayi, har Blackstone ya ɗauka a kan dalar Amurka 1 da santi 31 kowace takarda, jimla wajen miliyar 1,6, wato ɗan sama kaɗan da fam gudan da aka fara da shi shekara shida baya. Kotun Garneze ta tabbatar da cinikin a ƙarshen Yuli na 2024, aka cire sunan asusun daga jerin Landan.